Turawan da ke zuwa duba kasuwancin 'yan mishan: me ya kamata ɗan kasuwar Kurmi ya sani?

'Yan uwa na Agege, Mile 12, Sabon Ibadan, Lokpanta, Fatakwal da sauran zangunanmu na Kurmi. Daga Suleja nake rubuto muku.

Kwanakin baya wani saƙon murya ya yi ta yawo a WhatsApp, har ya iso wayar kawuna a Legas kafin ya iso tawa, ni da nake zaune a garin da ake maganar. Mai saƙon yana rantsuwa cewa an ga Turawa a wata gona bayan Suleja, sun zo leƙen asiri, kuma da madara za su sayi imanin Fulanin da ke kewaye. Kawu ya kira Baba hankali a tashe. Baba ya yi dariya, don mun san gonar. Mai ita Kirista ne, yana yin yogot yana kiwon kaji, kuma rugagen da yake sayen madara a cikinsu su ne muke sayen shanu. Ma'aikatansa akwai Musulmi akwai Kirista.

Da na kai masa dusa a satin, na tarar da baƙin. Su uku ne, biyu fararen fata, ɗaya baƙi ɗan gabashin Afirka. Dukkansu sun manyanta. Ɗaya tsohon ma'aikacin banki ne, ɗaya ya yi rayuwarsa yana tatsar shanu a ƙasarsu. Kwana huɗu suka yi a kan tebur da littattafan lissafi, suna bin kuɗin man janareto, da madarar da ke lalacewa kafin ta iso daga ruga, da bashin da masu shaguna ba su biya ba. Da safe sukan yi addu'arsu da wanda ya ga dama. Ni dai ban iya ɓoye-ɓoye ba, sai na tambayi tsohon kai tsaye: wa ya aiko ku? Ya ce cocinsu ne, da kuɗin aljihunsu suka zo, kuma yana fatan mutane su san Almasihu ta hanyar yadda ake tafiyar da wannan gona. Sannan ya ce amma yau abin da ke gabansa shi ne ya gano dalilin da ya sa firiza ke cinye ribar.

To kun ga, mai saƙon muryar ya yi ƙarya a kan leƙen asiri, amma bai yi kuskure ba da ya ce akwai addini a ciki. Wannan rabi-da-rabin ne ya sa na ga ya kamata mu zauna mu fahimci abin, don zai ci gaba da zuwa, kuma ku da ke Kurmi za ku fi mu haɗuwa da shi.

Mene ne abin?

A coci-cocin Amurka, Turai, Koriya ta Kudu da wasu wurare akwai wani tunani da ya yi ƙarfi cikin shekaru ashirin da suka wuce: maimakon a tura fasto kawai, a kafa kasuwanci na gaske, mai riba, mai ɗaukar ma'aikata, wanda masu shi ke da niyyar wa'azi ta hanyar halinsu da mu'amalarsu. Suna kiransa kasuwanci a matsayin aikin bishara. A 2004, a taron ƙungiyar Lausanne da aka yi a Pattaya ta ƙasar Tailan, an fitar da takarda guda a kan wannan, kuma tun daga nan ya zama fanni mai zaman kansa, da tarurrukansa da masu zuba masa jari. Wani ɓangare na tsarin shi ne abin da na gani: 'yan kasuwa da suka yi ritaya ko suka ɗauki hutu su je wata ƙasa na sati ɗaya ko biyu, su duba littattafan ƙaramin kamfani, su ba da shawara, su koma, sannan su ci gaba da bibiya ta waya.

Abin ba sabo ba ne a ƙasarmu. Mishan ɗin Basel ta ƙasar Suwizalan ta kafa kamfanin ciniki tun 1859, ya yi kasuwanci a ƙasar da yau ake kira Ghana, kuma daga tsatsonsa UTC ta fito, sunan da duk ɗan Abuja ya sani. SIM, wadda ta haifi cocin ECWA a 1954, ta faro ne a 1893 da samari uku. Ɗaya daga cikinsu, Thomas Kent, a Bida ya rasu, nan jiharmu ta Neja. Yau ECWA tana da shagunan littattafai na Challenge, tana da kamfanin abincin kaji a Filato, tana da asibitin ido a Kano da ke aiki tun 1943. Wa a cikinmu bai san wani dattijo da aka yi wa aikin yanar ido a can ba? Ya je da carbinsa, ya dawo da carbinsa, yana gani.

Akwai ma waɗanda suka shafi sana'armu kai tsaye. Ƙungiyar MEDA, ta 'yan kasuwar ɗarikar Mennonite, an kafa ta a 1953, kuma jarinta na farko a gidan madara ta zuba shi, a ƙasar Faragwai. Ta yi aiki a Bauchi da mata da matasa masu sarrafa shinkafa, gyaɗa da waken suya. Heifer kuma wani manomi ɗan cocin Brethren ne mai suna Dan West ya assasa ta. A 1944 suka tura karsana 17 zuwa Puerto Rico, da sharaɗin wanda ya samu zai ba wani 'yar da ta haifa. Da na faɗa wa Baba wannan, sai ya ce, "Ai habbanaye ke nan." Gaskiyarsa. Fulani sun daɗe suna ba talakansu aron karsana, ta haihu, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Bature ya rubuta nasa a takarda, ya yi masa ofis, ya zagaya duniya da shi.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Dalili biyu nake gani. Na farko kuɗi. A 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a waje, kuma zuwa 1 ga Yulin shekarar an rufe hukumar USAID. Ƙungiyoyi da yawa, na coci da waɗanda ba na coci ba, da wannan kuɗin suke numfashi. Idan kyauta ta yanke, dole asibitin mishan da gonar mishan su koyi ciyar da kansu. Wanda zai koya musu kuwa ba fasto ba ne, akanta ne da ɗan kasuwa. Don haka a ganina irin waɗannan baƙin ƙaruwa za su yi.

Na biyu siyasa. A 31 ga Oktoban 2025 Trump ya sake saka Nijeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke cewa ana tauye 'yancin addini, har da barazanar soja. Bayan sati uku aka sace ɗaruruwan ɗalibai a makarantar Katolika ta Papiri, a ƙaramar hukumar Agwara ta jiharmu. Tun daga nan duk farar fatar da aka gani kusa da coci ko ruga, kowa da fassararsa. Mu a Suleja mun san inda irin wannan zafin ke kaiwa. Ba mu manta da bam ɗin cocin St. Theresa na Madalla ba, ranar Kirsimetin 2011, inda mutum sama da 30 suka mutu, da yadda kasuwa ta mutu, da yadda maƙwabci ya daina gaida maƙwabci na tsawon lokaci.

Kafin mu ce haramun ne a haɗa ciniki da addini

Wasu abokaina suna cewa laifin shi ne cakuɗa kasuwanci da wa'azi. Jama'a, mu bi a hankali, kada mu zagi kakanninmu. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa ne, fatake da malamai daga ƙasar Mali, suka zo da Musulunci fada a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja, duk inda suka ya da zango sai masallaci ya tashi. Su ma ba su ɓoye sallarsu ba, kuma mutane da yawa sun musulunta ne don sun ga mudun Bahaushe cikakke ne, alkawarinsa kuma ba ya tashi.

Ku duba Sabon Ibadan, wanda aka kafa a 1916. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a can a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan yadda cinikin shanu da goro ke tafiya. Abin da ya ba shi mamaki shi ne bashi. Mai shanu zai taso daga Arewa, ya sauka gidan mai gida, dillali ya sayar wa mahaucin Yarbawa bashi, ba takarda ba sa hannu, kuma mai gida ya tsaya a kan kuɗin. Ya gano cewa addini, musamman Tijjaniyya da ta bazu a Sabo a shekarun 1950, yana cikin abin da ke riƙe wannan amanar. Wanda kuke sahu ɗaya da shi sau biyar a rana, da wuya ya gudu da kuɗin sanka.

Saboda haka ɗan kasuwa mai ɗauke da addininsa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu ne ma shi a Kurmi. Kuma sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba Kirista damar yaɗa addininsa, shi ne dai ya ba mu damar kiran sallah da lasifika a Aba da Benin. Idan muka ce a yage shi a Suleja, a Onica ma za a yage shi.

Ku tuna kuma abin da aka yi mana. A 2011, lokacin da Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya fitar da ƙa'idar bankin da ba ruwa, shugabannin CAN sun ce shiri ne na musuluntar da ƙasa. Jaiz ya buɗe a 2012. Da gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017 aka sake wannan kukan. Yau Kiristoci suna ajiya a Jaiz da TAJ da Lotus, suna bin titunan da aka gina da sukuk, ba wanda ya canza suna. Mun ji zafin wannan zargin a lokacin. Bai kamata mu juya mu yi wa wani irinsa ba tare da bincike ba. Mu da aka ƙona mana rumfuna a Shasha a Fabrairun 2021, mu da aka kashe mana mafarauta 16 a Uromi a Maris ɗin 2025 saboda wani ya ce masu garkuwa ne, mun fi kowa sanin cewa jita-jita tana kisa.

Shawarar da ke zama da wadda ke tafiya da mai ita

Wannan ba ya nufin duk wanda ya sauko daga jirgi da kwamfuta ya san abin da yake yi. Misali biyu sun ishe ni ma'auni.

Na farko a Maraɗi. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya je Nijar a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin SIM. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya ce a rage tohon a bar masu ƙarfi su girma. Manoman Maraɗi suka sa masa suna sassabin zamani. A yunwar 1984 an haɗa abin da rabon abinci: ka bar itace a gonarka, a ba ka hatsi. Da rabon ya ƙare, manoma da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bari kuwa suka ga itacen girki, da abincin dabbobi, da gero ya ƙaru, sai maƙwabta suka kwaikwaya ba tare da an ba su ko tiya ɗaya ba. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta wannan hanyar a Nijar, kuma mafi yawan masu gonakin Musulmi ne, kamar yadda iyayensu suke. Abin da aka saya da hatsi ya tafi da hatsin. Abin da ya amfani manomi shi ya zauna.

Na biyu a garinmu. A 1951 gwamnatin mulkin mallaka ta kawo Michael Cardew ya buɗe makarantar tukwane a nan, lokacin sunan garin Abuja. Shi ba ɗan mishan ba ne, amma baƙo ne mai ba da shawara. Ya tarar da tukwanen Ladi Kwali a gidan Sarki Sulaimanu Barau, ya gane cewa hannun da ya yi su ya riga ya ƙware. Ta shiga makarantar a 1954, ya ƙara mata da murhun zamani da hanyar kasuwar Turai, zanenta kuwa nata ne. Yau hotonta ne a bayan naira 20. Baƙon kirki yana fara duba abin da ya tarar ne kafin ya buɗe jakarsa.

Wanda ya zo na kwana biyar ya ce wa mai shanu ya sayar da bunajinsa ya sayi saniyar Turai, ba tare da ya tambayi sammore da ciwon huhu da kuɗin dusa a watan Afrilu ba, wannan zai koma gida da hotuna, kai kuma ya bar ka da mushe.

Inda matsalar take da gaske

Akwai wuraren da ya kamata a buɗe ido, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Na ɗaya, ɓoye niyya. Su kansu masu wannan tafiyar suna gardama a tsakaninsu a kan waɗanda ke buɗe kamfanin bogi don kawai su sami biza, ba ciniki ba riba. Wanda ya ce maka shi ɗan kasuwa ne kawai alhali coci ke biyansa, ya fara da ƙarya, sauran ma ba abin yarda ba ne. Tsohon da na tambaya ya burge ni ne don bai yi kwana-kwana ba.

Na biyu, sharaɗi. Idan aiki, ko bashi, ko sayen madararka ya rataya a kan sai ka zauna wa'azi, ko sai ka ba da yaronka a kai shi wani wuri, wannan ba ciniki ba ne, cin amanar talauci ne. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kuma haka nake faɗa idan Alhaji ne ya yi wa yaron shagonsa Kirista irin wannan.

Na uku, takarda. Da yawa daga cikin waɗannan tsare-tsaren suna zuwa da bashi mai kuɗin ruwa, ko hannun jari, ko yarjejeniyar fili. Iyayenmu sun saba da musafaha, su kuwa da sa hannu suka saba. Kada wani ya dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta masa da Hausa ba. Idan akwai ruwa a ciki, ka tambaya ko za a iya juya shi zuwa raba riba ko sayen kaya a biya a hankali. Mai niyyar kirki zai saurare ka.

Na huɗu, hoto. Wasu suna ɗaukar hoton matan ruga da yara su je su tara kuɗi da shi a coci-cocin waje, da labarin da mai hoton bai san an ba da shi ba. Kana da haƙƙin ka ce a'a.

Su ma baƙin suna da abin tsoro. An sace Phyllis Sortor, 'yar mishan Ba'amurkiya mai buɗe wa 'ya'yan Fulani makarantu, a jihar Kogi a Fabrairun 2015. An sace Jeffery Woodke a Abalak ta Nijar a 2016, bai fito ba sai 2023. Duk lokacin da irin wannan ta faru, wa ake fara kamawa? Makiyayi da mai sayen shanu. Saƙon murya ɗaya da ya nuna inda baƙi suke kwana zai iya jawo wa rugage goma bala'i.

Don haka idan sun zo karar ku ko unguwarku, ga abin da nake ganin Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa za su yi. A zaunar da su a fili, da shayi. A tambaye su wa ya aiko su, wa ke biya. A nemi takardar rajistar kamfanin ta CAC. A tambaya ko Musulmi zai sami abin da Kirista zai samu ba tare da wani sharaɗi ba. A tambaya wa zai ɗauki asara idan shawarar ba ta yi ba. Wanda ya amsa waɗannan ba tare da ɓacin rai ba, a ƙaru da shi. Wanda ya fara kame-kame, a sallame shi da mutunci, ba duka ba zagi.

Abin da ya fi damuna

Gaskiya, da na bar gonar nan ba tsoron Turawan ne ya cika min ciki ba, kunya ce. Dattijo mai shekara kusan saba'in ya biya kuɗin jirgi daga aljihunsa, ya zo ya zauna cikin zafi da ƙuda yana bin lissafin yogot ɗin wani, don kawai addininsu ɗaya. Na tambayi kaina: mu wa ke yi mana haka?

Baba ya fi shekara talatin yana loda shanu zuwa Legas. Ya kalli sa sau ɗaya ya faɗa maka naman da zai bayar. Amma ka tambaye shi nawa tirela ɗaya ta ci daga Mariga zuwa Oko-Oba, kuɗin mota, da na yaran mota, da na shingaye, da harajin jiha-jiha, da la'ada, da abincin shanu na kwanakin da ba a sayar ba, da wanda ya faɗi a hanya aka yanka da araha, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, an samu." Wata shekarar uwar kuɗin muke ci muna kiranta riba. Mahauci ya riƙe kuɗi wata uku, ba a rubuce ba. Mai gida ya rasu, bashin da ke kansa da wanda yake bi duk su bi shi kabari. Gidaje nawa kuka sani a Sabo da Agege da suka rushe a haka?

Kuma kasuwar tana canzawa a ƙarƙashin ƙafarmu. A 11 ga Mayun 2021 gwamnonin Kudu 17 suka haɗu a Asaba suka amince da hana kiwon sake. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro ma'aikatar kula da kiwo. A Nuwambar shekarar kamfanin JBS na Brazil, ɗaya daga cikin mafiya girma a harkar nama a duniya, ya sa hannu a yarjejeniyar dala biliyan 2.5 don gina masana'antu shida a Nijeriya. Ko duka za su tabbata ko a'a, alƙiblar a bayyane take: a yanka a kusa da inda ake kiwo, a kai nama Kurmi cikin motar sanyi. Ranar da haka ta kankama, ina dillalin kara zai tsaya? Wanda zai sami gurbi shi ne mai rajista, mai littafin lissafi, mai asusun banki da za a iya dubawa. Ƙananan kamfanonin da baƙin nan ke ziyarta ana shirya su don wannan ranar. Namu kuwa muna tura wa juna saƙon murya.

Ba mu rasa mutane ba. Muna da tsofaffin manajojin banki, da likitocin dabbobi da suka yi ritaya, da akantoci, a Kano da Kaduna da Abuja, har da nan Suleja. Muna da attajiran da ke zuwa Umra kowane azumi. Me zai hana ƙungiyar masu shanu ta kowace kara ta gayyaci mutum biyu irin waɗannan sau biyu a shekara, su kwana uku a zango, su zauna da masu gida ɗaya bayan ɗaya cikin sirri, su koya wa yaranmu da suka gama sakandare yadda ake rubuta shiga da fita? Kuɗin motarsu bai kai la'adar shanu biyar ba. Me zai hana kwamitin masallaci ya ware wani abu daga sadaka don jarin mutum biyu a shekara, da wanda zai riƙa leƙa su, maimakon a raba dubu-dubu a ƙofa ta ƙare kafin la'asar? Habbanaye namu ne, adashi namu ne, amanar mai gida tamu ce. Tsari ne kawai da bibiya muka bar wa wasu.

Ni na fara da abin da zan iya. Na sayi littafi mai bangon kwali, lodi uku ke nan ina rubuta komai, har kuɗin ruwan leda. Da na karanta wa Baba jimillar kuɗin hanya na lodin farko, ya yi shiru, sannan ya ce in sake karantawa. Yanzu shi ke tambayata, "Ka rubuta?" Dabarar shafi biyu da nake amfani da ita, a wurin tsohon nan na gan ta. Na ɗauka, na yi masa godiya, na tafi masallaci na yi la'asar ɗina.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Idan saƙon nan ya iso wayarka, kafin ka tura shi gaba, ka kira wani da ke garin ka tambaya. Idan baƙin ne suka iso, ka tambaye su da bakinka. Sannan ka je wurin shugaban kararku ka tambaye shi yaushe namu za su fara zuwa.

Allah Ya tsare mana imaninmu da dukiyarmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya kai masu hanya gida lafiya. Amin.